Wai su waye suka fara wannan fadan na keji tun kafin su Khabib?

Dan_Kurna:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah tambaya gareni ga masu bin wannan fadan na keji wato MMA, musamman manyanmu da suka dade suna kallo. Ni gsky ban fara ba sai lokacin fadan Khabib da McGregor a 2018, shima don duk unguwarmu maganar ake ne, daga nan na zarce da su Kamaru Usman da Adesanya da Ngannou har ta kai ina tashi karfe 4 na dare saboda wasa daya. To jiya ina zaune a shago ba ciniki sai YouTube ta jefo min wani tsohon bidiyo wai gasar farko ta UFC, kamfanin dake shirya wannan fadan, a 1993, hoton ma duk ya dushe kaman kaset din bikin iyayenmu. Wlh abinda na gani ya daure min kai. Wani katon dan sumo ya rugo da gudu, wani dogon bature ya sa masa kafa a baki hakori yayi tsalle, ko minti daya ba'a yi ba an tashi. Sannan wani dan boksin ya shigo da safar dambe a hannu daya tal, dayan hannun ba komai, nace to wannan ko dan damben gidanmu ne ya bata hanya. Sai kuma wani siririn saurayi cikin farin kaya irin na yan kareti wanda in ka ganshi a titi zaka dauka dalibi ne, wai shine ya cinye gasar gaba daya, kuma ni banga ya naushi kowa naushin kirki ba, kawai ya rungume mutum su zube kasa, can sai kaga mutum yana buga kasa da hannu.

Tambayata biyu ce. Wannan Royce Gracie din da gaske gwani ne ko hada baki akayi irin na reslin? Sannan kaman yanda in ana zancen dambe dole a ambaci su Shago da Dandunawa, su waye na MMA? Don makocin shagona ya dage wai Dana White ne ya kirkiro wasan, munyi musu har mukace wanda ya fadi zai sayi shayi da Indomie.

Baban_Walid:

Wa alaikumus salam. Ƙanena je ka karɓi shayinka ka ce a sa ƙwai biyu. Dana White bai zama shugaban UFC ba sai farkon 2001, lokacin da abokansa 'yan gidan Fertitta, Lorenzo da Frank, masu gidajen caca a Las Vegas, suka sayi kamfanin a kan dala miliyan 2. Wancan bidiyon da ka gani kuwa daren 12 ga Nuwamba 1993 ne a birnin Denver, kuma waɗanda suka haɗa shi Art Davie ne, wani ɗan harkar talla, da Rorion Gracie yayan shi Royce ɗin. Mutum 8, kowa da salon faɗansa, ba ajin nauyi ba alƙalan maki, kar dai ka yi cizo kar ka tsokane ido, wanda ya yi saura ya kwashi dala 50,000.

Na yi dariya da ka ce ba ka ga naushin kirki ba don mu ma haka muka ce. Kaset ɗin ya zo hannunmu ne daga wani shagon haya, an rubuta reslin da biro a jikinsa, muka taru mu wajen goma a ɗakin wani abokinmu muna jiran su Undertaker sai muka ga jini na gaske. Duk ɗakin zagin Royce ake, matsoraci, ya tashi ya yi faɗa mana kamar namiji. Daga baya na gane inda matsalarmu take. Mu mun tashi a dambe in hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka, a kokawa ma da ka sha ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. To su 'yan gidan Gracie inda namu faɗan yake ƙarewa nan nasu yake farawa. Kuma ba mu kaɗai ba, su kansu Amurkawan da ke cikin ɗakin wasan ihu suke yi don ba su san me suke kallo ba.

Asalin abin daga Japan ya je Brazil. Wani ɗan judo Mitsuyo Maeda ya sauka can a 1914, ya zauna a garin Belém, a wajensa Carlos Gracie ya fara koyo, sai ƙaninsa Helio, mahaifin su Rorion da Rickson da Royce, ya ɗauka ya mayar da hankali kan faɗan ƙasa, yadda ƙaramin mutum zai maƙure babba ko ya murɗe masa gaɓa. Shekara da shekaru suna kiran duk mai ji da kansa ya zo a gwada, abin da 'yan Brazil suke kira vale tudo, ma'ana komai ya halatta. Rorion ya koma California a ƙarshen shekarun 1970 yana koyar da mutane a garejin gidansa. Kenan ita UFC ta farko in ka duba da kyau talla ce ta sana'ar gidansu, kuma shi ya sa ba su saka Rickson ba wanda shi ne dodon gidan, mai ƙirar ƙarfi, suka saka Royce mai kilo 80 ko ƙasa da haka, don in ya ci kowa ya ce dabara ce ba ƙwanji ba.

Maganar haɗa baki kuma a'a. Shi wancan mai safa ɗaya, Art Jimmerson, ɗan boksin ne na gaske, amma da aka kayar da shi aka hau ruwan cikinsa bai taɓa shiga irin wannan halin ba a rayuwarsa, ko shaƙe shi ba a kai ga yi ba ya yi saranda. Ken Shamrock da ya san faɗan ƙasa bai cika minti ɗaya ba. Na ƙarshe shi ne dogon baturen da ya cire wa ɗan sumo haƙori, Gerard Gordeau ɗan Holan, shi ma shaƙa ta gama da shi. In ka haɗa faɗan ukun duka ba su wuce minti 5 ba. Ita shaƙar ba numfashi take tsayarwa ba kamar yadda muke zato, jijiyoyin jinin da ke gefen wuya take matsewa, daƙiƙa kaɗan sai mutum ya ga duhu, shi ya sa kake ganin ƙato yana buga ƙasa kamar ba a yi masa komai ba.

In kana son ka san yaron ba wasa ba ne nemi UFC 4, Disamba 1994, shi da Dan Severn, ɗan kokawa mai gashin baki da ya fi kilo 110. Severn ya danne shi kusan minti 16, kowa ya gama cewa yau ƙaryar ta ƙare, sai yaro daga ƙasa ya zagayo da ƙafafunsa ya ɗaure wuyan mutumin da hannunsa ɗaya, sai ga Severn yana buga ƙasa. Ɗan hakin da ka raina kenan. A UFC 2 ma mutum huɗu ya ci a dare ɗaya. Ni dai in za a ba mutum ɗaya sunan uba a wajena gidan Gracie ne, Royce kuma shi ne fuskar gidan. Har na ga bidiyo a 2024 ya karɓi kalmar shahada, Allah ya tabbatar da mu da shi.

Sarkin_Musu:

Amin Baba, amma da girmanka zan dan ja da kai kadan. Ba hada baki bane na yarda, amma ai wanda ya shirya biki shi yasan wanda ya aikawa goron gayyata. Duba mutum takwas din nan, yan naushi da shuri ne kusan duka, ba dan kokawa na gaske ko daya, ba dan judo, ba kuma yan luta livre na can Brazil din wanda sune abokan gabar gidan Gracie kuma sun san duk wannan murde murden. Shamrock kadai ne yasan kasa kuma shima har yau yana korafin an hanashi sa takalminsa na kokawa amma an bar Royce da rigarsa wacce da ita yake rike mutane. Sannan baka fadi UFC 3 ba, da Kimo ya jigata shi ya ci din amma ya kasa fitowa fada na gaba. Baka fadi UFC 5 ba, minti 36 shi da Shamrock aka tashi canjaras ido a kumbure, kuma daga nan da aka fara sa lokaci sai gidan gaba daya suka tattara suka bar UFC. Da ya dawo 2006 kuma Matt Hughes ya hau bayansa yayi ta jibga ko turmin farko ba'a gama ba, kuma da irin dabarun gidansu ya kamashi. Eh nasan lokacin yakai 39 amma dai. Ni a ganina sun bude kofa ne kawai, wasu ne suka gina gidan.

Injiniya_Kd:

Duk ku biyun kuna maganar kamar a Amurka aka haifi abin, alhali lokacin da UFC take ɓuya a ƙananan garuruwa Japan ce ta riƙe wasan nan ta shayar da shi. Bari in ja ku baya.

26 ga Yuni 1976 a Tokyo, Muhammad Ali da kansa ya shiga fili da ɗan reslin ɗin Japan Antonio Inoki. An ɗaure Inoki da dokoki har ya zama ba abin da zai iya sai ya kwanta da baya yana harbin ƙafafun Ali, turmi 15 a haka, Ali naushi shida kacal ya kai, aka ce kunnen doki, 'yan kallo suka yi ta jifa da shara. Kowa ya ce abin kunya ne amma Ali sai da ƙafafunsa suka tara gudan jini ya kwanta asibiti. Daga zuriyar Inoki ɗin nan abin ya tsiro. Almajirinsa Satoru Sayama ya kafa Shooto tun tsakiyar shekarun 1980, da safar hannu mai buɗaɗɗun yatsu da ajin nauyi da turmi, wato abin da UFC ba ta yi ba sai bayan shekaru. Sannan Masakatsu Funaki da Minoru Suzuki suka buɗe Pancrase a Satumba 1993, wata biyu kafin UFC 1, kuma shi Ken Shamrock ɗin daga can ya taho Denver. Bas Rutten ɗan Holan mai dukan hanta ma a can ya yi suna.

Sai gasar Pride ta Japan, Oktoba 1997 a Tokyo Dome, Rickson Gracie ya murɗe hannun Nobuhiko Takada wanda shi ne gwarzon 'yan reslin ɗin Japan a lokacin, ya sake maimaita masa bayan shekara ɗaya. Japanawa abin ya yi musu ciwo sosai. Ashe a cikin yaran gidan Takada akwai wani mai fuskar barkwanci, kullum gwiwa a naɗe da filasta, yana shan taba yana shigowa fili da abin rufe fuska irin na 'yan reslin, sunansa Kazushi Sakuraba. Wannan shi ne mutumina kuma shi nake so Dan_Kurna ya nema kafin kowa.

Ya fara da Royler Gracie a 1999 ya kama masa hannu ya murɗe. Gidan suka ce alƙalin wasa ne ya tsayar ba ɗansu ne ya yi saranda ba, saboda haka da za a haɗa shi da Royce suka kafa sharaɗi, ba iyakar turmi kuma alƙali ba shi da ikon tsayarwa, sai dai mutum ya sallama ko mutanensa su jefa tawul. Sakuraba ya ce ya ji ya gani. 1 ga Mayu 2000 aka shiga, turmi shida kowanne minti 15, awa ɗaya da rabi cur suna abu ɗaya. Mutumin nan har wasa yake yi da rigar Royce yana ja masa ita ta rufe kai, yana ta saran ƙafarsa da shuri har ta daina ɗaukarsa, ƙarshe Rorion da hannunsa, shi wanda ya kafa UFC don ya nuna ba a cin gidansu, shi ya jefa tawul. Gaba da gabanta. Abin da ya fi ba ni mamaki ma gasa ce ta dare ɗaya, bayan minti 90 ɗin nan Sakuraba ya sake fitowa ya yi minti 15 da Igor Vovchanchyn ɗan Yukren wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kafin mutanensa su ce ya isa haka. A wannan shekarar dai ya gurɗe wa Renzo Gracie gwiwar hannu, shi ma Renzo namijin duniya ne ya ƙi buga ƙasa yana kallon hannunsa ya juya, sannan ya ci Ryan a Disamba. Huɗu kenan daga gida ɗaya.

Ga wani abu da zai ba ku sha'awa. Murɗiyar da ya yi wa Royler da Renzo sunanta kimura, kuma sunan mutum ne, Masahiko Kimura ɗan judon Japan da ya karya hannun Helio baban su Royler da ita a filin Maracanã a 1951, shi ma Helio ya ƙi sallamawa sai yayansa Carlos ne ya jefa tawul. Su 'yan Brazil ɗin ne da kansu suka sa wa kamun sunansa don girmamawa. Duk sanda ka ji mai sharhi ya ce kimura a faɗan su Islam Makhachev to wancan tsohon yake ambata.

Don adalci Sarkin_Musu, Royce ya rama a 2007 da maki, sai dai gwajin da aka yi masa bayan wasan ya nuna ƙwayar ƙara ƙarfi. Pride kuma ta mutu ne bayan gidan talabijin na Fuji ya janye a 2006 saboda zargin alaƙa da 'yan daban yakuza, 2007 'yan Fertitta suka saye ta suka rufe. Amma a can Fedor Emelianenko da Nogueira da Wanderlei Silva da Cro Cop suka yi zamaninsu, kuma har gobe ban ga shigowar fili mai daɗin ta Pride ba. Laifinsu ɗaya da ba na yafe musu, yadda suka dinga haɗa Sakuraba da waɗanda suka fi shi girma, sau uku Wanderlei yana farfasa shi.

Bamaradi:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Maradi. Ina biye da ku tun daga sama kuma na ga an manta da mutanena 'yan kokowa. Mu nan da muka tashi da labarin su Kantu da Salma da Kadade, kuma duk shekara in ana gasar takobi gari ke tsayawa kowa na gaban tele, abin da muka sani shi ne wanda ya iya kaye shi ke zaɓen inda za a yi faɗa. To a wanga wasa ma haka ta tabbata.

Mark Coleman nike nufi. Ɗan kokowar Amurka ne da ya je gasar Olamfik ta 1992 a Barcelona, ya shigo UFC a 1996 ya ci gasa biyu a jere, sannan Fabrairu 1997 ya maƙure shi Dan Severn ɗin da Baba ya ambata ya zama na farko da ya riƙe kambun masu nauyi. Shi bai san wata murɗiya mai suna ba, ya sunkuyo ya kwashi ƙafafunka ya maka ka da ƙasa ya danne ya yi ta sussuka da hannu da goshi, har sai da aka hana karo da kai. Duk abin da kuka ga Khabib na yi wa mutane a jikin keji, ko Usman ranar da ya karɓe kambu hannun Woodley a 2019, jikan wancan ne, an dai ƙara mishi ilimi. Kuma Injiniya ka manta ka faɗi wa ya ci waccan gasa ta Mayu 2000 ɗin, ai Coleman ne, bayan kowa ya ce ya ƙare.

Amma shi ma an yi mishi nashi. Maurice Smith ɗan shuri da naushi ya koyi yadda zai kare kanshi a ƙasa, ya bari Coleman ya gaji sannan ya tashi ya yi ta dukanshi, Yuli 1997. Daga ranan aka gane sana'a guda ba ta isa, sai ka haɗa duka. Shi ya sa ni ban yarda akwai uba guda ba, kowane ya zo ya ci na gabanshi ne da abin da wancan bai sani ba.

Wani kuma da 'yan Afirka ba mu ambata, Sokoudjou ɗan Kamaru, ɗan judo. 2007 a Pride aka kawo shi kamar abin yanka gaban ƙaramin Nogueira, daƙiƙa 23 ya shimfiɗe shi, bayan sati shida ya ƙara da Ricardo Arona. Bai ɗore ba daga baya amma ya riga Ngannou da shekaru, shi Ngannou ɗin da ta nan ƙasarmu ya ratsa hamada kafin ya kai Turai.

Maman_Hanifa:

Toh maza an gama lissafin iyaye ba'a sa uwa ko daya ba. A 2011 shi wannan Dana White din da ake musu akansa aka tambayeshi yaushe mata zasu yi fada a UFC yace har abada. Fabrairu 2013 sai gashi Ronda Rousey da Liz Carmouche sune babban wasan dare. Kuma ita Ronda da tagullarta ta judo ta Olamfik 2008 tazo ba kyau aka duba ba, kafin ita ma akwai Gina Carano da Cris Cyborg da suka ja babban wasa a gasar Strikeforce 2009, akwai Megumi Fujii yar Japan data ci fada 22 a jere lokacin ba kudi ba kamara. Ni dai kallo nake da maigida bana son jinin, amma a fadi gaskiya duka.

Baban_Walid:

Hajiya mun karɓi gyara. Sarkin_Musu kai ma ban ƙi taka ba, sunanka ne ya bi ka, amma ka tuna duk waɗanda suka zo suka ci 'yan Gracie sai da suka zauna suka koyi karatun 'yan Gracie tukuna, Hughes ɗin ma ai ka faɗa da bakinka.

Abin da ya dawo da ni shi ne maganar Dana White, kar a ce mun rage masa. Tsakanin 1996 da 2000 wasan nan saura ƙiris ya mutu a Amurka. Sanata John McCain ya ga kaset ya ce wannan faɗan zakaru ne da mutane, ya rubuta wa gwamnoni wasiƙa, jihohi suka dinga hanawa, kamfanonin talabijin suka cire shi. Ita UFC 12 da Bamaradi ya ce Coleman ya ci kambu, a jihar New York aka shirya ta, ana gobe wasa aka kwashi 'yan wasa da kejin a jirgi cikin dare aka kai wani ƙaramin gari Dothan a Alabama. New York ba ta halatta wasan ba sai 2016. Waɗanda suka zauna suka rubuta dokoki don hukuma ta yarda, irin su alƙalin wasa John McCarthy da Jeff Blatnick wanda shi ya dage a dinga kiran abin MMA a daina cewa faɗan da ba doka, su ma iyaye ne ko da ba su yi suna da naushi ba. A jihar New Jersey aka tsayar da dokokin da ake bi yanzu, wajen 2000 zuwa 2001. Su Dana sun zo sun yi ta asara har 2005 da suka zuba kuɗinsu a shirin talabijin, Forrest Griffin da Stephan Bonnar suka yi wa juna dukan kawo wuƙa na minti 15 a kyauta kowa yana gani, daga ranar kasuwa ta buɗe. Kamfanin da aka saya miliyan 2 aka sayar da shi wajen dala biliyan 4 a 2016. Wannan aikinsa ne ba mai ƙwace masa.

Sai dai kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na farkon nan da suka yi faɗa uku huɗu a dare ɗaya ba safar hannu ba su ga wannan arzikin ba. Ko ƙarar da tsofaffin 'yan wasa suka kai kamfanin aka sasanta a kan dala miliyan 375, waɗanda suka yi wasa daga 2010 zuwa 2017 ta shafa, 'yan 1993 ba sa ciki. Gary Goodridge da ya yi UFC ya yi Pride yana fama da ciwon mantuwa saboda dukan kai, shi da kansa ya fito ya faɗa. Coleman an yi ta yi masa aikin ƙugu, kuma a Maris 2024 gobara ta kama gidan iyayensa a Ohio cikin dare, ya shiga ya fito da uban ya koma ya fito da uwar, ya sake komawa neman karensa hayaƙi ya kayar da shi, sai da ya kwana a asibiti da na'urar numfashi, yana da shekara 59. Bonnar ya rasu 2022. Kai mutum biyun ma da suka ba ka dariya a bidiyon, mai safa ɗaya Jimmerson da ɗan sumo Teila Tuli, dukansu sun mutu a 2024, wata ɗaya da 'yan kwanaki tsakaninsu.

Dan_Kurna:

Kai Allah ya saka da alheri Baba, Injiniya, na Maradi, Hajiya, har da Sarkin_Musu. Wlh ban san mai safa dayan ya mutu ba, jiya ina ta tura bidiyonsa ana dariya, yanzu duk sai naji wani iri. Na karantawa makocin nawa duka tun daga sama, ya saurara tsaf sannan yace ai Baba da bakinsa yace ba don Dana ba da wasan ya mutu saboda haka canjaras akayi kowa ya sayi shayinsa, kunji dan Adam. Injiniya na samu na Sakuraba da Royce din amma naga awa daya da minti arba'in ne harda shigowa, datata bazata kai ba sai dare in nayi sabon sub na tsakar dare. Wanne turmin ne yake ja masa rigar, in fara daga nan?